Idan Sarƙa Ta Bushe: Sharhi Kan Famfon Mai na Injin Yankan Katako



Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake sarar bishiya ya san ƙarar injin yankan katako tun daga nesa, irin ƙarar da ke tashin tsuntsaye daga kan maɗaci. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, injin nan tanki biyu gare shi. Na farko na fetur ne da aka gauraya da man inji, shi ke tayar da fistin. Na biyun babu ruwansa da wuta ko hayaƙi. Man da ke cikinsa na sarƙa ne kaɗai, kuma wani ɗan famfo da ake iya rufe shi a tafin hannu ne ke tura shi waje. A kan wannan famfo sharhinmu na yau zai tsaya: yadda yake aiki, abin da ke kashe shi, da yadda ake cire shi a sa sabo.

Sarƙar injin tana gudu ne a cikin wani siririn kwari da ke gefen dogon ƙarfen nan mai kama da takobi, wanda za mu riƙa kira takobi a wannan shiri. Gudun nata yakan kai mita 20 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da kilomita 70 a awa, gudun mota a kan kwalta ke nan. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, ga nauyin hannun mai aiki yana danna su cikin kirya ko marke, itatuwan da ko gatari ke shakkarsu. Abin da ke tsakanin ƙarfen biyu ɗan mai ne da bai wuce babban cokali guda a minti ɗaya ba. Idan wannan cokali ya yanke, cikin 'yan mintoci takobi zai ɗau zafin da hannu ba zai taɓa ba, sarƙa ta miƙe ta yi sako-sako, haƙoranta su dakushe, gefen takobin ya rine ya koma shuɗi. Ƙarfen da ya yi wannan shuɗin ya riga ya rasa taurinsa, ba kuma ya dawowa.

Injin kansa ɗan ƙasar Jamus ne. A shekarar 1926 Andreas Stihl ya ƙera na lantarki a birnin Stuttgart, a 1927 Emil Lerp ya fito da mai amfani da fetur a ƙarƙashin sunan Dolmar, sunan wani dutse da aka gwada injin a kansa. Na farkon nan sun haura kilo 40, sai mutum biyu sun kama. Irin sarƙar da ake amfani da ita a yau kuwa wani mai sarar itace ne a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya fito da ita a 1947, bayan ya zauna ya ƙare wa wata tsutsar itace kallo ya ga yadda take cin gungume da muƙamuƙinta. A 1959 Stihl ya fitar da samfurin Contra mai nauyin kilo 12, wanda mutum ɗaya ke riƙewa, kuma a shekarar ce kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga wannan sana'a. Tsofaffin injuna da yawa wani maɓalli gare su da mai aiki ke dannawa da babban yatsa kowane ɗan lokaci don mai ya sauka kan sarƙa. Wanda ya shagala ya manta, ya ƙona takobinsa. Famfo mai aiki da kansa an kawo shi ne don a sauke wa ɗan Adam wannan nauyi na tunawa, sai dai kuma sauƙin ya zo da tasa matsalar: abin da ba a taɓawa kullum, ba a saurin gane ranar da ya tsaya.

To, yaya yake aiki? A cikin tankin akwai ɗan tiyo na roba, a bakinsa akwai matata. Tiyon ya kai ga famfo, wanda a yawancin injuna yana ɓoye a bayan kuloci. A cikin famfon akwai wani ɗan sandan ƙarfe mai haƙora a kai ɗaya, ɗaya kan kuma an ɗan fafe shi. Sandan yana juyawa, yana kuma kai da komo a lokaci guda, sai wurin da aka fafe ya ɗebi ɗigon mai daga wannan ƙofa ya juye a waccan. Mai juya shi wata giya ce mai zare irin na noti, wadda masu ƙera ta ke kira tsutsa saboda siffarta, kuma galibi ta roba ce. A injunan zamani kwanon kuloci ne ke jan wannan giya, shi ya sa mai ba ya zuba idan inji yana silo, sai an ba shi wuta sarƙa ta fara gudu. Daga famfo mai ya bi wata 'yar hanya ya fito ta jikin inji, ya shiga wani ɗan rami a gindin takobi, ya faɗa cikin kwarin, ƙafafun sarƙa su kwashe shi su zagaya da shi.

Mai sauraro ya ƙirga wuraren da man nan ya ratsa: matata, tiyo, famfo, hanyar fita, ramin takobi, kwari. Ga kuma wata 'yar ƙofar iska a jikin tankin, wadda idan ta toshe mai ba zai sauko ba, kamar yadda ruwa ke ƙin fita daga jarkar da aka kifa ba a buɗe mata wurin shaƙa ba. A nan ne masu inji da yawa ke asarar kuɗinsu. Yaro ya dawo daga daji ya ce, "Maigida, inji ya daina ba da mai," maigida ya ce famfo ne, a tafi kasuwa. A sayo, a ɗaura, a koma daji, sarƙa tana nan a bushe. Ashe garin katako ne ya cakuɗe da mai ya zama kamar tuwo ya toshe ramin takobi, abin da tsinke ɗaya zai yi maganinsa.

Saboda haka bakanike na ƙwarai ba ya fara da famfo. Yakan kwance noti biyun da ke riƙe da murfin gefe, ya sauke takobi da sarƙa, ya bi kwarin da bakin siririn ƙarfe daga kai har gindi, ya zura waya a ramin mai. Ya juye tankin, ya ɗauraye shi da kananzir, ya lanƙwasa waya ya jawo matatar ya duba. Tiyon da ya tsufa yakan tsage, famfo ya riƙa zuƙar iska a maimakon mai, alamarsa kuma ita ce mai mai kumfa-kumfa a bakin hanyar fita, ko inji ya kwana ya wayi gari cikin tabkin mai. Wasu kanikawa kan tayar da inji ba takobi don su ga ko mai na ɓulɓulowa. Dabarar tana nuna gaskiya, amma akwai haɗari a cikinta, domin littattafan Husqvarna sun yi gargaɗin kada a tayar da inji ba tare da takobi da sarƙa da murfi a ɗaure ba, saboda kuloci na iya kwancewa ya yi tsalle. Ƙarfen da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, idan ya tashi, ba ya zaɓen inda zai sauka.

In duk an bi waɗannan ba a ga laifi ba, sai a shiga ciki. Aikin ba ya son gaggawa, ba ya kuma son ƙasa. A shimfiɗa buhu ko kwali mai tsabta, a kashe makunni, a bar inji ya huce, a zare wayar fulogi, a juye sauran man tanki a gwangwani, a sa safar hannu kafin a taɓa sarƙa. Birkin sarƙa kuma a tabbatar a sake yake, domin idan yana kame, ɗamarar ƙarfensa ta riƙe kwanon kuloci, ba zai fito ba ko da an yi ta ja.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A yawancin injunan Stihl kwanon ne a waje: a ɓamɓare wani ɗan kilif da bakin sukudireba, a cire washa, a zare kwanon da ɗan boris ɗinsa, sannan a ga kuloci. Kilif ɗin nan kuwa gwanin tsalle ne, duk wanda bai tare shi da yatsa ba zai ƙare yini yana lalube a cikin garin katako. A injunan Husqvarna da dama, da kuma 'yan China masu lamba 5200 da 5800 da suka cika kasuwanninmu, waɗanda aka kwaikwayo daga samfurin Zenoah na Japan, kuloci ne a waje, kwanon yana bayansa. Ko ta wace hanya aka bi, sai kuloci ya fita kafin a ga famfo.

Ga wurin da ake yawan ɓarna. Zaren kuloci na hagu ne. Wato ɓangaren da aka saba ɗaure noti, nan ne ake kwance shi, ana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. Masu ƙerawa sun yi haka ne don juyin inji ya riƙa ƙara ɗaure shi, kuma da yawa akwai kibiya a jikinsu mai nuna inda za a juya. Wanda bai sani ba sai ya sa sifana ya yi ta murɗawa hagu, yana ƙara tamke abin da yake son kwancewa, har zare ya lalace. Sannan dole a hana karanshaf juyawa. Akwai ɗan abin roba da kamfanoni ke sayarwa don tokare fistin, amma igiya ma tana yi: a cire fulogi, a juya inji har fistin ya hau ya rufe ƙofar hayaƙi, sannan a cusa igiya mai tsabta ta ramin fulogin a bar jelarta a waje. Idan aka cusa ta fistin yana ƙasa, bakinta na iya shiga ƙofar hayaƙin, fistin ya datse ta, ƙaramin aiki ya zama babba. Guduma da kurfi da wasu ke sa wa kuloci suna fasa shi, bindigar kwance noti ta iska kuma takan karya ɗan makullin da ke riƙe da fankar inji a ɗaya gefen.

Kuloci na fita, sai ga giyar roba a fili. A dube ta da kyau kafin a taɓa famfo, domin sau da yawa ita ce mai laifin. Da gangan aka yi ta da roba: idan famfo ya cije, ita ce za ta cinye haƙoranta ta mutu a madadin abin da ya fi ta tsada. A samfurori da yawa na Stihl tana da wani ɗan hannu na waya da ke shiga wata tsaga a bakin kwanon kuloci, kuma wannan hannu yakan gaji ya karye ko ya riƙa zamewa. Giyar da ta narke kuwa labari take bayarwa. Ko dai an yi ta ba inji wuta birki yana kame, ko an yi ta danna dakusasshiyar sarƙa cikin itace har kuloci ya yi zafi. Sai a sa yatsa a juya haƙoran famfon. Idan yana juyawa sumul, mai na motsi a bakinsa, famfo lafiyarsa lau, giya kawai za a saya. Idan ya cije, ko haƙoransa sun cinye, ko yana juyawa fayau ba ya jan komai, to kwanansa ya ƙare.

Cire famfon ba wuya a manyan injuna irin su MS 381 da MS 660: kusoshi ne masu zare, masu kan tauraro, da sukudireba mai lamba T27 ke kamawa. A ɗaga shi a hankali, ana lura da yadda bakin tiyo da ɗan zoben roba suka zauna a ƙarƙashinsa. Ƙananan samfurori irin su MS 180 da MS 250 nasu daban ne, famfon ɗan bututu ne da aka danna cikin jikin inji daga ƙasa, sai an ɗaura masa kusa mai zare an jawo shi, sabon kuma sai an daidaita fuskarsa da zurfinsa kafin a danna. Wanda bai taɓa yi ba, gara ya kai wa wanda ya saba. Yanzu da kusan kowa ke da waya mai kyamara, ɗaukar hoto kafin a cire kowane abu ya fi dogaro da ƙwaƙwalwa.

Wajen saye, a tafi da tsohon a aljihu, a kuma san lambar samfurin injin. Famfuna suna kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, amma bambancin haƙori kaɗan ya isa ya cinye sabuwar giya a yini guda. A kasuwa akwai na kamfani, akwai na kwaikwayo mai kyau, akwai jabu da aka sa a kwali mai sunan kamfani. Mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi na kwaikwayo bai yi laifi ba, muddin ya san abin da ya saya, kuma an sayar masa a kuɗinsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa da giya da tiyo da matata a canza gaba ɗaya, tunda an riga an sha wahalar buɗewa, kuma kuɗinsu duka bai kama ƙafar kuɗin takobi da sarƙa ba.

Mayarwa ita ce a bi sawun da aka fito. A wanke mazaunin famfon tas, a hura hanyoyin da iska, ko da a wurin mai faci ne. A ɗiga mai a cikin sabon famfon don kada ya fara aiki a bushe, a zaunar da shi ba tare da an danne tiyo ba, a ɗaure kusoshin daidai wa daida, domin jikin injin ko roba ne ko ƙarfe mai laushi, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo. A shafa ɗan giris a giya da boris. Kuloci a ɗaure shi ta hagu, a kuma ɗan jawo igiyar tayar da inji waje kafin a tamke, don kada nauyin ya faɗa kan 'yan haƙoran sitata. Sai abu na ƙarshe, wanda ko ƙwararru kan manta: tsagar bakin kwanon kuloci dole ta hau kan hannun giyar. Idan ba ta hau ba, komai sabo ne amma ɗigo ɗaya ba zai fito ba, kwanon kuma ya murƙushe wayar. A zare igiyar da aka cusa, a mayar da fulogi.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, wato abin da ake zubawa a tankin. Daga dazukan Taraba zuwa kudancin Kaduna, har Gana da Kamaru, abin da aka fi gani a jarkar masu yankan katako baƙin mai ne da aka juye daga mota. Dalilin a bayyane yake: a garejin kanikawa ana samunsa da arha, man sarƙa na ainihi kuwa yana da tsada, a ƙauye ma ba a ganinsa. Babu mai zargin talaka don ya nemi sauƙi. Amma baƙin mai ya riga ya gama aikinsa a cikin wani injin, ya kwaso ɓarɓashin ƙarfe da toka, kuma duk wannan ta cikin ɗan famfon nan zai bi, yana goge shi kamar yashi. Ba shi da danƙon da ake sa wa man sarƙa don ya manne, saboda haka yana isa kan takobi sai ya fantsame, ƙasan takobin inda ake yankan ya zauna a bushe. Stihl da Husqvarna duka sun hana amfani da shi a littattafansu, kuma gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa yawan taɓa fata da tsohon man inji na iya jawo sankarar fata. Mai riƙe da inji tun safe har la'asar, a cikin feshin wannan mai yake wanka, shi yake shaƙa. Idan man sarƙa ya gagara, tsofaffin littattafan Husqvarna sun yarda a sa man giya mai lamba EP 90, sabon man inji mafi arha ma ya fi baƙin mai nesa ba kusa ba. A ƙalla dai a riƙa goge bakin tanki kafin a buɗe, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke shiga ko'ina.

Wani abin lura shi ne, man sarƙa ba ya komawa tanki. Duk abin da aka zuba, a ƙasa da ciyawa da rafi yake ƙarewa. Babban injin nan Stihl 070, wanda masu tsaga katako a Afirka ta Yamma suka fi yarda da shi, tankin man sarƙarsa ya kai rabin lita, kuma ana cika shi sau da yawa a yini. Wannan ne ya sa a Jamus da ƙasashen arewacin Turai aka koma ga man sarƙa da ake yi daga tsirrai, wanda ƙasa ke iya cinyewa. Shi ma da sharaɗinsa, domin idan aka ajiye inji wata da watanni da shi a ciki yakan daskare kamar ƙaro ya kama famfon. Dazukan namu kuma dama a jigace suke. Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da wannan inji tun 1998, madobiya kuwa, wadda aka yi ta kwasa daga Taraba ana kaiwa China, sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da dabbobi ke sa wa ido a farkon 2017. Wurin da aka sare wa inuwa, bai kamata a bar masa baƙin mai a madadinta ba.

Bayan an ɗaura takobi da sarƙa, an daidaita taurinta, an cika tanki, sai gwaji. A nemi kututturen da aka yanke sabo ko farin kwali, a tayar da inji, a nuna kan takobin gare shi da tazarar kamar taƙi ɗaya, kada ya taɓa komai, domin kan takobi idan ya ci karo da abu injin kan yi tsalle ya dawo wa mai shi. A ba shi wuta kashi uku cikin huɗu na kamar minti ɗaya. Sabon famfo yakan ɗan jinkirta kafin ya cika hanyoyinsa, daga nan sai a ga siririn layin mai ya fara zanuwa a kan kututturen. Injunan da ke da kusar daidaita mai a ƙasansu, a buɗe ta sosai idan takobin dogo ne ko itacen busasshe ne mai tauri, a murɗa ta a hankali kuma, domin taƙaitaccen juyi gare ta. Sauran shaidar a daji take: lokacin da fetur ya ƙare aka zo ƙari, a buɗe tankin man sarƙa a leƙa. Ya kamata a tarar ya kusa ƙarewa, da ɗan saura a gindinsa.